Na Haɗa 'Ya'yana Faɗa Ranar Kirsimeti

Barkanku da warhaka. A ɓoye sunana, kuma kada a zage ni, na riga na zagi kaina. Ban yi boko ba, a coci na koyi rubutun Hausa.

Daga Kudancin Kaduna ɗana ya kawo ni garin Upper Marlboro a Amurka rainon jikoki. Na haifi bakwai, na binne biyar. Saura shi da ƙanwarsa, nas ce. Tun rasuwar babansu ba sa magana sai gaisuwa. Da ma zagi ne da ya fi mini wannan shirun.

Duk Disamba jikokina suna kunna finafinan Kirsimeti na ban dariya. Ba na jin Turanci, amma ina da ido. Dangi su taru, talotalo ya ƙone, a yi ihu, a jefi juna da abinci, ƙarshe a rungumi juna ana kuka. Kowane fim haka. Na ce ashe sai ƙurji ya fashe yake warkewa. To, ni na fasa ƙurjin. Na ce wa ɗana ƙanwarsa ta ce tsoro ne ya hana shi zuwa jana'izar babansu. Ita kuma na ce mata yayanta ya ce tana nas ta bar babansu ya mutu. Ta ce, "Mama, a bakin wa kika ji?" Na ce a bakin matarsa. Me ya kai ni?

Ranar Kirsimeti ana zuba shinkafa 'yata ta ajiye cokali. "Yaya, ni na kashe Baba ko?" Ya ce, "Ke da kika kira ni matsoraci?" Ta nuna surukata ta ce, "Tambayi munafukar matarka." Faranti ya fashe, yara suna kuka. Ni ina zaune ina jiran rungumar. Ba ta zo ba.

Surukata ta durƙusa gabana ta ce, "Mama, ke ce shaidata, na taɓa faɗin haka?" Yarinyar da ke shafa mini magani a gwiwa. Na dubi ƙasa, ban wanke ta ba.

Yanzu ta kwashe yara tana gidan gwaggonta a Germantown. Ɗana yana zancen lauya. Jiya ya ce, "Mama, ke kaɗai kika rage mini da ba kya yi mini ƙarya."

In na faɗi gaskiya, biyun da suka rage mini za su tsane ni. In na yi shiru, aure ya mutu. Me zan yi?