Maman Shugaba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yaran. Ya ciwon bayan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, an yi zaɓen shugabar kwamitin muhalli na ƙungiyar ɗalibai, kuma na sha ƙasa. Wadda ta kayar da ni 'yar ɗakinmu ce, Lasifika muke ce mata, don in ta buɗe baki har na ƙasan bene sai sun ji. Alhali ni na kawo shawarar a daina ba da leda a shagon ɗalibai, tun ranar da ledoji suka toshe kwata ruwan sama ya shigo mana ɗaki. Ni na ce a tattaro ragowar ƙyallaye wurin teloli, a ba matan da ke da keke a gida su ɗinka jakunkuna, kowace ta yanke kuɗin aikinta da bakinta, ba dillali a tsakani. A bakin gadonta na faɗa mata tana yanke farce. Ranar zaɓe ta miƙe ta zazzage maganata tas, ta raɗa mata suna cinikin adalci, aka yi ta tafi. Ni da na tashi, harshena ya sarƙe.

Kada ki gaya wa Mama. Tun da na ce zan tsaya take yi wa maƙwabta albishir.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ƙaramin ya fara tafiya, a shafa min kansa.

Ni da hannuna na sa Mama cikin masu ɗinkin, ga shi yanzu ina cizon yatsa. Lasifika ce ke kai mata ƙyallaye. In na kira Mama a waya, ba ta da zance sai na yarinyar nan mai ladabi: ta zura mata zare a allura, ta share ƙasan keke, ta zauna a kan ƙaramar kujerar nan tawa. Har a kwanona aka zuba mata abinci!

Jiya aka kawo jakunkunan farko. Ƙa'idarmu ita ce kowace mai ɗinki ta sa sunanta a cikin jaka, don mai saye ya san hannun da ya yi. Na ɗauki ta Mama, na gane ta da ninkin bakin nan nata. Na leƙa ciki, sai ga "Maman Shugaba" da jan zare. Ɗalibai suna ta rububi, suna yi wa Lasifika barka da uwa mai hannu, ita kuma sai murmushi. Kujerar shugabanci ta tafi na haƙura, yanzu kuma har da uwar?

Kishi nake yi, Yaya, na faɗa. Ko abinci ba ya min daɗi.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Na ga saƙonki, kin ce in bi a hankali. Ban bi ba.

Ranar Asabar na tafi gida a fusace. Ina shiga Mama ta leƙa ta katanga tana shaida wa maƙwabta Shugaba ta iso. Na waiga ban ga kowa ba, ashe da ni take. Ban gama cire takalmi ba ta hau ni da faɗa, wai ina aiken 'yar mutane cikin rana ko sannu ba na yi mata, muƙami ya fara hau min kai. Ashe duk zuwan da Lasifika ke yi, cewa take Shugaba ce ta aiko ta.

Da na koma makaranta na sami Lasifika zaune a ƙasa tana ware ƙyallaye. Ta ce ranar farko Mama ta tarbe ta da tambayar ina Shugabar tata, fuskarta fal murna, ita kuwa ta kasa faɗa mata gaskiya. Barkar da ake mata a shago ma shiru ta yi don kada zancen ya tonu. Na so ƙwarai in kama ta da laifi, na duba ta ko'ina ban samu ba. Da ta fi ni baki kawai da sauƙi.

Mako mai zuwa ƙungiya za ta karrama masu ɗinkin, Mama har ta yanka sabon yadi don ta gan ni a kan dandamali. Lasifika ta ce in hau in yi jawabin, ita ta zauna cikin mutane. Na ƙi. Gobe zan je in faɗa wa Mama da bakina.

Ki sa ni a addu'a. Faɗan Mama na saba da shi. Abin da nake tsoro, in ta ji abin da yarinyar nan ta yi, ta ƙara son ta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta