Shekara Ashirin Ina Cewa Baba, Babu Sunana a Takarda

Malama mai filin shawara, ki taimaka mini. Ni babban lauya ne, shekara talatin ina wannan aiki, idan na yi tari alƙali ma gyara zama yake yi. Amma yau wata shari'a ta gagare ni.

Wani dattijon kafinta ne yana aikin rufin bene, katakon da yake takawa ya karye. Ƙugunsa ya tafi, wata tara ke nan bai taka ƙasa ba. Kamfanin da ya sa shi aikin ya yarda da diyya: kasonsa, da kuma kason dangin da suka bar sana'arsu suna jinyarsa.

A gidan akwai wani saurayi mai facin taya. Goye uwarsa ta shigo da shi gidan, ta rasu yana ɗan shekara shida, kafintan ya ce ba inda za shi. Shi ya sassaƙa masa allonsa na farko. To, wannan saurayi ne ya rufe rumfarsa, shi ke juya tsoho don kada bayansa ya yi gyambo, shi ke ɗaukar fo, shi ke masa aski. Idan tsoho ya ƙi abinci, sai ya laɓe bayan labule ya kwaikwayi muryar likita yana cewa a kawo babbar allura, har dariya ta buɗe masa baki. Shaƙiyyi ne, ban musa ba. Ya taɓa ɗinke hannun rigar yayansa ranar da zai je neman aiki.

Ranar da lauyan iyali ya zo rubuta sunaye, Yaya, babban ɗan kafinta, wanda sau uku kacal ya leƙo cikin wata taran nan, ya lissafa kansa da ƙannensa mata biyu. Saurayi na riƙe da ruwan wankan tsoho ya ce saura shi. Yaya ya dubi lauya ya ce, "Rabu da shi, agola ne, wasa ya yi masa yawa." Lauya ya yi dariya ya rufe biro. Tsoho kuwa ya juya fuska bango, ko uffan. Wallahi shirun nan ya fi maganar Yaya ciwo.

Shin wanda ke ɗaukar fo ba dangi ba ne sai wanda ya zo da jini? Ko ya kamata ya koma rumfarsa ne ya bar musu ubansu?

Malama, ki yafe ni. Ko ƙofar kotu ban sani ba, karatuna na allo ne. Ni ne agolan. Na ari rigar lauya ne don na ga sai na zama wani ake saurarona.

Mai Faci

Amsa:

Ɗana, tun wajen fo na gane ka, lauya ba ya sanin nauyinsa.

An ɓata maka, ba shakka. Amma ina jin Yayanka ya haɗa abu biyu: gado daban, diyyar jinya daban, kuma mahaifinku yana raye. Dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Wasu jini da aure kawai suke dubawa, wasu kuma suna lissafa wanda ya tashi a gida a matsayin ɗa, ko wanda ya yi jinyar a zahiri. Ba zan yi maka alkawari ba. Ka je ofishin lauyan kai kaɗai, ba wasa ba kwaikwayo, ka gaya masa shekarunka a gidan da ranar da ka rufe rumfa. Ka tafi da maƙwabci guda wanda ya gani da idonsa. Wanda ya saba ba mutane dariya sai ya maimaita magana sau biyu kafin a san da gaske yake.

Shirun tsoho kuma, kada ka yanke masa hukunci. Mutumin da ake juyawa a kwance yana tsoron ɓata wa kowa, wataƙila kunya ce ta juya masa fuska. Gobe idan kana masa aski, ka tambaye shi da muryarka, ba ta likita ba: Baba, ni wane ne a wurinka? Abin da ya faɗa, ya maimaita shi gaban lauya.

Kada ka tafi kafin ka ji amsarsa. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya buɗe maka rumfarka da alheri.