Aikin Kuskure a Legas

Maman Rahma,

Bayan gaisuwa, yaya yara, yaya gyaɗarmu a Kunci? Ni lafiya lau, barandar da nake kwana ce kawai ke yoyo.

Bakina ya ja min. Na cika baki a ofishin da nake gadi cewa na iya waya. Su manhajar waya ta cinikin manoma suke tsarawa. Suka ce, "Baba Ado, gwada sayar da buhu ɗaya a cikinta." Na yi kuskure na sayar da ɗari! Sai murna suke, wai kuskurena ke nuna musu wajen gyara. Haka kuskure ya zama aikina.

Matsalar, na fara iyawa, kuma gwani ba ya musu amfani. Na nace su koya min yadda ake gwada manhajar da wasu marasa iya waya, don kada aikin ya kuɓuce min. Alkawarin karatun Rahma na wuyana, ba zan dawo ba sai na sauke.

Naki,
Ado