Ƙarfen Bakinka, Dariyar Autarmu

Zuwa ga maigidana, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan ƙasar zuciyata, Baban Auta, namijin da ko an tara mazan duniya a fili ɗaya shi zan nuna da yatsa ido rufe.

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina gajiya, yaya rana, yaya hanyar da kuke shimfiɗawa? Ina ganinka a raina, tsaye tsakanin manyan motoci, hular kwano a ka, kana warware takardar nan da yatsun da kwalta ta ɓata. To nemi wuri ka zauna, labarin nan ba na tsaye ba ne. Na hana Auta kiranka, na hana kaina, domin in na ji muryarka kuka zai riga ni magana, layin wurinku kuma ka san halinsa, sai ya tsinke a daidai inda daɗin yake. Shi ya sa na rubuto wasiƙar nan na ba direban kamfaninku, na ce hannu da hannu.

Mun yi nasara! Wallahi mun yi nasara, masoyina! Yau likita ta cire wa Auta ƙarfen gyaran haƙori, kuma haƙorinta ko ɗaya ba a taɓa ba!

Ka tuna ranar da muka zauna mu uku a ɗakin likitar nan, ta haska mana hoton bakin yarinyar a bango? Ta ce ƙarfe jera haƙora kawai yake yi. Ƴan robobin nan da ake maƙalawa daga fiƙar sama zuwa turmin ƙasa, su ne ke jan haƙoran gaba su koma ciki, kuma sai an bar su a baki kullum, ban da lokacin cin abinci da wanke baki. Ta ce ba ta ga alamar ana sa su ba, in aka ci gaba a haka dole ta cire haƙora biyu lafiyayyu don a samu wuri. Auta ta sunkuyar da kai ta ce tana sawa. Ina! Ni da nake tsintar su a safar makaranta, a ƙarƙashin kujera, har cikin aljihun keken ɗinkina? Tun ranar da ɗaya ta tsinke mata tana karatu a gaban aji, ta yi tsalle ta faɗa kan littafin wata, yara suka kwashe da dariya, shi ke nan. Da ma suna ce mata zomo saboda haƙoranta na gaba, sai suka samu na ƙari. A bakin ƙofar makaranta take cire su, a gida kuma ta daina magana sai da ka. Yarinyar da surutunta ke hana ni jin rediyo ta koma kamar baƙuwa a gidan ubanta. Na yi faɗa, na ƙwace waya, na yi lallashi, na yi kuka, duk a banza.

To, mu koma ranar likitar nan. Mun fito har mun kai bakin mota, sai ka ce mu jira ka. Da na gaji da jira na koma ciki, me zan gani? Ƙaton mutum a miƙe kan kujerar likita, takalmin aiki ya zarce ƙarshenta, baki a hangame! Likita na dariya tana cewa ai ga inda yarinya ta gado, naka ma suna son gyara. Na ja ka gefe na ce anya lafiyarka ƙalau, da furfura a gemu za ka sa waya a baki kamar ɗan makaranta? Ka ce da wane baki za ka gaya mata ba komai ba ne, alhali ba ka taɓa ɗanɗanawa ba.

A nan ne wani abu ya faɗo mini a rai, ya sanyin idona. Ranar da ka fara shigowa shagona da rigar aiki a yage, na tsokane ka na ce ko da zaki ka yi kokawa, ka yi dariya ka sa hannu ka rufe baki. Na ɗauka kunya ce, har na ce a raina wannan bawan Allah akwai nutsuwa. Ashe kai ma an kira ka da sunaye! Ashe kai ma ka taɓa tsayawa a gaban aji kana fatan ƙasa ta tsage! Duk shekarun nan muna cin abinci a kwano ɗaya ban gane ba, sai da ka hau kujerar nan. Na ƙara sonka a wurin, so mai zafi, har na rasa inda zan sa idona.

Wa ya sha wuya irin taka? Kai da ba ka yafe ƙashi in an dafa nama, ka koma shan romo kana hararar tukunya. Leɓenka ya sassale, magana ta koma da kyar. Ga aikinka na tsawa ne, mutum sai ya ɗaga murya ta fi ta injin, robobi kuma sun riƙe muƙamuƙi. Leburorinka suka sa maka suna Oga Shinge, ka amsa. Ranar da ka daka wa mai tuƙa rola tsawa, roba ta fille ta faɗa cikin shayin injiniya, da wani ne da ya ɓoye zancen har kabari. Kai sai ka kira Auta kana ba ta labari, kana kwaikwayon yadda injiniya ya tsamo ta da cokali yana jujjuyawa, yana tambaya ko daga injin ta fito. Ina kicin na ji wata ƙara da na manta irinta. Na saki ludayi na leƙo, ga Auta a ƙasa tana riƙe da ciki, hawaye na zuba, bakin nan a buɗe, ƙarfe da roba duk a waje. Na koma kicin na yi kukana ni kaɗai.

Daga nan kowace safiya sai kiran bidiyo, kai ka hangame, ita ta hangame, kowa na duba na ɗan'uwansa kamar masu cinikin akuya. Ita ta koya maka yadda ake maƙala roba a ƙugiyar baya, da yatsun nan naka masu kama da muciya suka kasa. Lokacin da ka yi wayo ka ninka robobi biyu biyu wai don ka kamo ta, ka wuni da ciwon kai, wa ya wanke ka tas? Auta! Ta ce likita ta hana, garaje ba ya gyara haƙori, Baba ya daina abin yara. Ka ce to, ranki ya daɗe. Tun daga lokacin ban ƙara tsintar roba a safa ba.

Yau da likita ta sa ta cije, ta duba dama ta duba hagu, ta ce sun zauna daram, sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ta ɗauko abin cirewa ke nan, Auta ta riƙe mata hannu ta tambaye ta yaushe za a cire na Baba. Likita ta ce da saura, ƙashin babba ba ya saurin biyayya kamar na yaro. Ka san abin da ƴarka ta ce? Ta ce to a bar mata nata, za ta jira ka, ba za ta bar Babanta shi kaɗai da ƙarfe ana masa dariya a wurin aiki ba. Yarinyar da ta yi ta roƙo a raba ta da shi! Likita ta cire tabarau ta goge ido. Sai da na rantse mata cewa kai da kanka za ka fi kowa fushi in ta tsaya, sannan ta buɗe baki.

To ka ji, ya hasken gidana. Ka dawo, don Allah ka dawo! Ka nemi hutu ko na kwana biyu ne, hanya ba za ta gudu ba. Na yi niyyar turo maka hoto ta ƙi, ta ce ba a waya za ka gani ba, sai kana tsaye a gabanta. Tun da muka shigo take leƙa taga duk motar da ta tsaya, ni ma ina bayanta ina yi kamar labule nake gyarawa.

Ka sa robobinka, kada ka ninka. In an cire ƙarfen ina sonka, in an bar shi har tsufa ina sonka, in haƙoran suka zube gaba ɗaya ni zan dama maka abin da za ka sha.

Taka, yau da gobe da ranar da numfashi zai ƙare,
Maman Auta