Na'urar Jirgin Alhaji Sabo

Laraba, 14 ga Nuwamba, 2012

Barci ya ƙi zuwa, kuma jirgin ƙasan wasan maigidana Alhaji Sabo ne ya ja min. Dattijo da jikokinsa, amma ya ware ɗaki guda a Kano don 'yan jiragen nan. Ya ce in zaɓo masa na'urar sarrafa su, in riƙo ta a hannu, bai yarda a sa ta a kaya ba.

A shagon kayan wasa, mai shagon ya nuna min iri biyu, mai waya da mai rimot wadda ke tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya. Na ce masa da Larabci yalla, maza ba ni mai rimot, Alhaji ba ya son tsohon yayi. Har da murnata.

Da na baje kayan kan katifa a masaukinmu na unguwar Naif, nan ƙasar Larabawa, Isiyaku abokin ɗakina ya daɗe yana kallo. Baƙin akwati, wayoyi ja da baƙi, rimot mai lambobi. Ya ce, "Malam Bashir, da koren fasfo za ka ratsa filin jirgi da wannan? Ko ka sauka lafiya, me za ka gaya wa sojojin da ke shinge?"

Sai a lokacin na lura, sak kayan haɗa bam. Na ce ai sai in haɗa musu su ga jirgin yana tafiya. Sannan na tuna: jiragen da layin dogon duk na zuba su a kwantena tun makon jiya, suna kan teku.

Jibi zan tashi. Ya Allah, wa zai yarda abin wasa ne?