An Fito da Turminki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga wadda ta haife shi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin sauƙi da haske a makwancinki. Mutanen gida duk lafiya. Damina ta yi kyau a Roni bana, gyaɗa ta yi 'ya'ya sosai. Habi ta sake haihuwa a Gwiwa, namiji. Mahaifinmu Baffa yana nan, sai dai ƙafa da hawan jini.

Na san da kina raye ba zan samu in yi miki doguwar magana irin wannan ba. Ina farawa za ki miƙe ki ce kin bar tukunya a wuta. Ni ne ɗanki na fari, ke kuma Bafulatana ce mai alkunya, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Wancan" kike ce mini. In kina son in ci abinci, sai ki dubi ƙanwata ki ce, "Habi, ki gaya wa wancan tuwo na hucewa," alhali ina zaune kusa da ke. Ina yaro abin yana ci mini rai. Yanzu da furfura ta fara fito mini, babu sunan da nake kewa kamarsa.

Ga labarin da ya sa na zauna rubutu. An ba ni aikin koyar da Turanci a wata makaranta a ƙasar Oman. Wani abokina da muka yi karatu tare ne ya ba da sunana. Suka kira ni ta waya muna ganin juna, na sa babbar rigata ta Sallah na hau dutsen bayan gidanmu saboda a nan kaɗai ake samun sabis mai ƙarfi. Ina amsa tambayoyi, awakin maƙwabta suna ta giftawa a bayana. Duk da haka suka ce sun ɗauke ni. Inna, Turancin nan da kike cewa da hanci ake yin sa, shi ne zan je in koya wa 'ya'yan Larabawa. Na san da kin ji sai kin rufe baki da gefen mayafi kin yi dariya.

Aikin mai kyau ne, ba zan ɓoye miki ba. Akwai gida, kuma in na zauna za a bar ni in ɗauko iyalina. Shekara da shekaru ina hawa babur daga Roni zuwa Kazaure ina koyarwa a sakandare, rana da ruwa, ban taɓa tsammanin wani a wata ƙasa zai nemi abin da ke kaina ba. Na ji daɗi ƙwarai, na gode wa Allah.

Amma akwai Baffa. Ni nake kai shi asibiti, ni nake kai shi masallacin Juma'a. Har yau in ya hau bayana ba ya riƙe ƙuguna, sai dai ya kama gefen rigata da yatsa biyu, ko da hanya ta yi gargada. Kuma sun gaya mini in na tafi ba dawowa sai shekarar karatu ta ƙare.

Ranar da kika rasu ina gida. Ni na shiga kabari na karɓe ki, na gyara miki kwanciya. A duk abin da Allah ya yi mini, babu wanda nake gode masa a kai kamar wannan. To, abin da nake tsoro ke nan. Kin san mu ba ma ajiye gawa. In aka kira ni ina can, kafin in kai filin jirgi an dawo daga maƙabarta.

Na je na durƙusa na gaya wa Baffa komai. Ya saurara yana kallon ƙasa har na gama. Sai ya tambaye ni ko na lura jar karsanar nan tana ɗingishi. Shi ke nan amsarsa. Na yi istihara, na sake komawa, ya yi mini zancen farashin dusa. Uwar yara ta ce duk abin da Baffa ya ce shi za mu bi. Na ce mata ai matsalar ke nan, Baffa ba ya cewa. Da kina nan da ban wahala ba, domin ke na san yadda ake jin amsarki.

Kin tuna lokacin da na ci jarrabawar makarantar kwana a Kazaure? 'Yan'uwan Baffa suka taru suka ce wa zai bi shanu in babban ɗa ya tafi. Aka yi ta ja. Da la'asar sai na ji ƙarar turmi, gida duk ya ɗauki atishawa. Kika daka yaji, kika ƙulle a tsumma mai tsabta, kika ce, "Habi, kai wa wancan. An ce abincin makaranta lami ne." Daga nan ba wanda ya sake magana.

Haka kika yi da zan tafi kwaleji a Kano, haka da zan tafi bautar ƙasa a kudu. Ba ki taɓa raka ni ko zaure ba, amma ban taɓa buɗe jaka a baƙon wuri na rasa ƙullin nan ba.

Sau ɗaya ne turmin ya yi shiru. Shekarar da na ƙosa da zaman jiran aiki na ce zan bi abokaina Legas yin acaba. Na haɗa kaya, na sa ranar tafiya, na yi ta kasa kunne. Kika wuni kina tsintar wake kamar ba ki san da zancen ba. Da kaina na kwance jakar. Ba a daɗe ba aka ɗauke ni koyarwa. Na gode da yajin da kika daka mini, Inna, na kuma gode da wanda kika ƙi dakawa.

Tun bayan rasuwarki turmin yana ɗakinki a kife, ba mai taɓa shi. Shi ya sa na yanke a raina zan ba mutanen nan haƙuri, in ce su nemi wani.

Ranar kasuwar da ta wuce na dawo daga makaranta da yamma. Tun ina jingine babur a zaure na ji ƙarar, kuma na gane ta, domin turminki yana da wata tsaga a gefe da ke sa shi amo daban. Ina shiga na tarar da Habi da goyo a baya tana daka, hawaye na zuba, ban sani ba ko na barkono ne. Ashe da safe Baffa ya sa ɗan acaba ya kai shi kasuwa ba da sanina ba. Mutumin da bai taɓa sayen kayan miya ba ya bi rumfa-rumfa da sandarsa, ya sayo barkono da citta da kanumfari da masoro, har da ƙuli-ƙuli, sannan ya aika Gwiwa a kira Habi.

Yana zaune a kan buzunsa, ya ba ni baya. Bai juyo ba. Ya ce, "Habi, ki daka da yawa, wanda zai kai wancan har ya dawo. In ya dawo ya same ni, alhamdu lillahi. In bai same ni ba, ya san inda uwarku take, ina nan kusa da ita."

Na tsaya riƙe da jakar littattafai. Daga baya na fita na koma zaure, domin bai kamata ya ga fuskata ba, ni ma bai kamata in ga tasa ba.

Na gaya wa mutanen can na karɓa. Mijin Habi ya ce Juma'a da asibiti duk ya ɗauke mini. Tsoron bai tafi ba, Inna, yana nan, da shi zan hau jirgi. Amma ba zan tafi da shakkar ko an yarda ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya saka miki da Aljanna Firdausi kan duk abin da kika yi mini ba tare da kin faɗa ba. Allah ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana, ya sa yajin nan ya ƙare ina zaune a gabansa. Amin.

Ɗanki na fari,
Wancan.