Ranar da Auta Ya Saki Linzami

Litinin, 4 ga Maris

Mai goɗiya ya zo barga yau, ko zama bai yi ba. Wai in ba ta shigo cikin ukun farko ba a sukuwar Asabar, zai sayar wa masu amalanke. Goɗiyar da na horar tun tana tangaɗi a bayan uwarta! Auta ne zai hau. Ɗana ne, ni na koya masa zaman sirdi, don haka hankalina kwance.

Laraba, 6 ga Maris

Mu a filin sukuwa in an ce doki ɗan baya ne, yabo ne: ya laɓe a baya, ya adana ƙarfinsa, sai a kwanar ƙarshe ya wuce kowa. Da haka na yi suna ina mahayi. Yaran unguwa kuwa, wanda zamani ya wuce suke kira ɗan baya. Su suka sani.

Na ce wa Auta ya riƙe ta har kwanar ƙarshe. Wai, "Baba, wannan ba 'yar baya ba ce, riƙon ɓata mata rai yake yi." Yaron da aka haifa jiya-jiya!

Alhamis, 7 ga Maris

Ta tauna linzami har bakinta ya yi jini. Sabon linzami ne, ina jin shi ya sa.

Asabar, 9 ga Maris

Bai riƙe ta ba. Ana tashi ya sake ta. Na yi ta ihu, "Ja ta! Ja ta!" har muryata ta dushe. A kwanar ƙarshe na rufe ido, don a nan masu gaba suke karyewa. Da na buɗe, tana nan tana zuba gudu, kunnuwa a miƙe. Ta biyu ta zo. Masu amalanke sai su nemi wata.

Mai goɗiya ya rungume ni. "Malam, dabararka ta yi!" Ban gyara masa ba. Auta yana ji, ya sunkuya yana kwance sirdi yana murmushi. Wallahi daɗi kamar ya kashe ni. Ɗana ne fa.

Talata, 12 ga Maris

An kawo sabon doki, Auta ya zagaya da shi. Da ya sauka, ina duba kofato na ce, "Wannan fa, riƙe shi za a yi ko saki?" Ya ce sai ya ƙara hawansa tukuna. Na ce to, ba sauri, ina jira.

Tambaya ce kawai.